Albarkar Uba Ba Ta Ratsa Gilashin Waya

Kafin ƙararrawar cocin garinmu Pototan ta kira masu ibadar safe, Malama Erlinda Sobrevega ta riga ta share rumfar bayan gidanta, ta jera kujeru, ta ɗora ruwan kofi. Ɗalibanta mata ne masu shirin tafiya aikatau Singafo, kuma Turancin da take koya musu na neman abinci ne: yadda ake karɓar umarni, da yadda ake roƙon haƙƙi ba tare da an rasa aiki ba. A wannan watan tsufa ya sa ta ajiye alli.

Turanci ya kafu a makarantunmu ne daga 1901, lokacin da jirgin ruwa ya sauke malaman Amurka a Manila. A wancan zamani ganin mutum iri ɗaya ne. Yau ya rabu biyu: akwai na ido da ido, wanda Turawa ke kira “in person”, akwai kuma na bidiyo ta waya. Babu ɗalibar da ta bar rumfar Malama ba tare da ta iya bambanta su ba. Hujjar Malama kuwa al'adarmu ce, ta kama hannun babba a kai shi goshi don neman albarka.

“Inday, gwada da wayar nan,” takan ce wa sabuwar ɗaliba, don Inday ake kiran yarinya a yarenmu. “Kai ta goshinki. Me kika samu?”

“Maiƙo, Malama.”

“Shi ma na goshinki ne.”

A taron ban kwana, tsohuwar ɗalibarta Luzviminda Pagunsan ta ba da shaida. Tana Singafo tana jinyar mahaifiyar uwar ɗakinta aka sanar da ita cewa mahaifinta, Tatay Anselmo, ya kwanta ciwon da ba a sa ran tashi. Ta nemi izinin zuwa gida. Uwar ɗakin, wadda ba muguwa ba ce, ta amsa da cewa ai kowace Lahadi tana ganinsa a waya. Luzviminda ta kira Malama tana kuka.

“Share hawayen, Inday. Matar nan ba ta jin kuka, Turanci take ji. Ni ce ita yanzu. Roƙe ni.”

Malama ta yi ta hana ta, ita kuwa tana sake roƙo, har roƙon ya zauna daidai a bakinta. Washegari, a gaban uwar ɗakin, Luzviminda ta kama hannun tsohuwar da take jinya ta kai goshinta, ta ce abin da take so ta yi wa ubanta ke nan, kuma waya ba ta da hannu. Aka ba ta izini.

Ta iske shi da sauran numfashi. Ya dube ta ya ce, “Ashe kin yi ƙiba, wayar nan ta cuce ni,” sannan ya miƙo hannu. A makon ya rasu.

Ke ce, Malama, gadar da ba ta karɓar kuɗin ƙetarawa. Kin sa wa 'ya'yanmu harshen baƙi a baki domin su nemi hanyar gida da shi. Mun gode.

Malaman da suka gaje ki su riƙe wannan darasi. Mu kuma, tsofaffin ɗalibai da iyayensu, kada mu gaishe ta ta waya. Gidan yana bayan kasuwa, hannunta kuma yana nan.