Hular Malam a Kan Kwalaben Jini

Yau da la'asar, na gaji tiɓis, rana ta faɗo kan kwalaben jinin da nake haɗawa. Sai na tuna marigayi Malam, wanda ya koya mini aikin gwaji a Gwarzo. Idan ya ɗiga rinin nan mai ƙyalli, wanda ke manne wa ƙwayoyin garkuwar jiki don na'ura ta ƙirga su, sai ya kife hularsa a kansu. Hular duk ƙanshin turare da gumi.

Na taɓa yi masa dariya. Ya ce, "'Yata, rana tana cinye rinin nan. In ya dushe, mai jinin zai sake takowa tun daga Dugabau."

Na ja mayafina na rufe kwalaben. Allah ya haskaka kabarinsa.