Rubutu Uku da Na Sa 'Yata Ta Haddace

Sana'ata sayen riɗi da wake. Tun ina dakon buhu a kasuwar Gaya na gane cewa wanda ya riga kowa hango inda farashi ya nufa, shi ke cin kasuwa. Da wannan na gina gida, da shi kuma na cuci 'yata ta fari.

Makarantar koyon jinya take so. Komai ta ci a jarrabawar gama sakandare, sai Turanci da ya kayar da ita sau biyu. Ta ce a karo na uku in bai yiwu ba, ta haƙura. Na kai ta wurin wani malami ɗan Kademi mai ba da lesin a zaurensa bayan la'asar.

Da aka yi wata guda, na tambaye ta me suke yi. Ta ce kullum sai ta rubuta shafi ɗaya a kan abin da ta gani ranar, sannan ta miƙe ta faɗe shi da baki, malam yana gyara mata. Na buɗe littafin. Ban iya Turanci ba, amma na san jan biro, kuma ya cika ko'ina.

Na sami malamin. "Malam, a daina wahalar da yarinya. Ka faɗa mata abin da zai fito."

"Alhaji, da na san gaibu ai da na ajiye alli mun haɗa jari," in ji shi. "Ka bar ta ta yi ta kuskure a zauren nan, ya fi ta yi shi a can."

Ban ji ba. Na sayi littafin tambayoyin shekarun baya, ƙanena yana karantawa yana fassara mini, ina bin su kamar yadda nake bin damina. Na tsinci uku masu yawan dawowa: wasiƙar roƙon rijiya, ta gyaran hanya, da labarin ranar da ba a mantawa. Na cire ta daga lesin, na sa wani ya rubuta mata su tsaf, na ce ta haddace. Ita kuwa mai hadda ce tun a Islamiyya. Kowace safiya kafin in wuce kasuwar Gafasa awo, sai ta durƙusa gabana tana rangaji tana biyawa, ina riƙe da takardar da ban san abin da ke cikinta ba, ina cewa madalla.

Ranar jarrabawa na je ɗauko ta a babur.

"Wanne ya fito?"

"Babu ko ɗaya, Baba."

"To, me kika rubuta?"

"Na so in yi nawa, na nemi kalmomin na rasa. Wata huɗu ban haɗa jimla da kaina ba. Sai na rubuta ta rijiya." Ta gyara hijabinta. "Amma ban ɓata ko kalma ɗaya ba."

Sakamako ya zo yadda kowa ya zata. Na koma na ba malamin haƙuri, ya ce ta dawo. Ita ce ta ƙi. Ɗinki take yi yanzu, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa ɗora mini laifi ba. Da ta ɗora, da na fi samun sauƙi.

Bara zazzaɓi ya kai ni asibiti. Ma'aikaciyar jinyar da ta auna jinina ta gaishe ni da ladabi, ta ce tabarma ɗaya suke zama da 'yata a lesin, in gaishe mata ita. Har yau ban isar da gaisuwar ba.