Kwantaccen Cikin Turai Mai Banda

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kwanar Dangora ya sayi bandar kifi ya san Turai, ko da bai san sunanta ba. Ita ce mai jikin nan da ke zama a kan turmi a kife, don kujerar roba uku ta karya kafin ta haƙura. Direbobi suna ce mata Uwar Tarwaɗa, ita kuma ta ce musu marasa birki. In ka taya kifinta da arha sai ta tambaye ka ko gadonka ne. Ita dai a wurinta gado ne, domin an haife ta a matsugunin da aka ba mutanensu bayan ruwan madatsar Tiga ya ci garinsu, kuma ta sha faɗin cewa kifin nan a gonar kakanta yake kiwo.

Mijinta Datti masunci ne, siriri kamar sandar tuƙa kwalekwale, ba ya magana sai an matsa. Shekara ashirin da bakwai suna tare. Ciki huɗu ta yi, babu wanda ya wuce wata biyar, kuma Datti bai taɓa ɗaga mata murya a kan haka ba. Da ya yi faɗa ma, da ta fi samun sauƙi. Da damina ya kwanta zazzaɓin kwana huɗu, ya tafi bai bar kowa ba sai ita.

A watan da ya rasu al'adarta ta ɗauke. Mace mai shekara arba'in da biyar, ai kowa ya san abin da hakan ke nufi. To amma nono ya yi mata nauyi yana tsami, mara ta ɗago, ga saurin fushi fiye da wanda aka saba. Ta aika aka kira Tani ungozoma, tsohuwar da ta yanke cibiyar rabin unguwa. Tani ta shafa mai a hannu, ta lallatsa marar, ta ji wani abu mai tauri kamar goruba. Ta ce ciki ne, firgicin mutuwa ne ya kwantar da shi, kuma ta ga wanda ya kwanta shekara biyar ya tashi lafiya.

Ranar Turai ta yi kukan da ba ta yi a wajen zaman makoki ba. Ashe Datti ya bar baya.

Mai ciki kuwa takabarta sai ta haihu. Haka ta zauna a ɗakin Datti, kasuwa kawai take fita. Hamidu mai injin ban ruwa ya aiko yana so, ta ce a gaya masa matar mutum ba a nemanta. Aka shiga tayar da ciki: saiwa, sassaƙe, romon kaza, man shanu daga rugagen Burumburum. Ɗan bai tashi ba, amma uwar ta ninku.

A shekara ta uku jini ya dawo, ya dawo da fushi. Kwana goma sha biyu, guda-guda, har ta rasa lissafin sallarta. Ya ɗauke wata biyu ya sake kwararowa. Wata Talata tana juya kifi a kan waya sai ga ta a ƙasa. Matan layin banda suka kinkime ta, su biyar, zuwa asibiti.

Likitar, Mansura, yarinya ce sa'ar 'ya'yan da Turai za ta haifa da a ce an bar mata nata. Ta sa aka ƙara mata jini leda biyu, aka yi hoton ciki, sannan ta ja kujera ta zauna kusa da ita. Ta ce jikin mace yana da sinadarai biyu masu riƙe da juna. In al'ada ta zo ƙarewa, ɗaya yakan riga ɗaya janyewa, sai wanda ake kira istirojin ya rage ba mai taka masa birki. Kitse ma yana ƙara shi. Shi ne ya kumbura nonon, ya kaurara bangon mahaifa, ya yi ta ciyar da wani ƙari har ya kai girman kan jariri. Ta ce a bar jiƙe-jiƙen, a rage maiƙo, a yawaita zogale da wake da tafiyar ƙasa, ga kuma ƙwayoyi. Amma yadda abin ya kai, da wuya a tsira ba a cire mahaifar ba.

Turai ta daɗe tana kallon baƙin hoton. Ta ce, "'Yar nan, ba ya yiwuwa yana bayan ƙarin, injin bai hango shi ba? Ubansa ma haka yake, sai ya shigo ɗaki ba ka sani ba."

"Mama, na duba ko'ina. Babu kowa."

Aka sa mata ranar aiki, sati uku a gaba. Ta dawo gida ba ta gaya wa kowa ba, sai dai matan banda suna da kunne, kuma suna da baki. Ƙwayoyin ta sha kwana biyu ta ajiye, wai kada su taɓa ɗan. Zogale kuwa ta ce ita ba akuya ba ce.

Ranar da ya kamata ta koma asibiti, da hantsi, sai ta nufi gidan Tani da kwalbar da ta saba karɓo jiƙo a ciki. Tsohuwar ta ga tafin hannunta fari fat, ta ga yadda take haki daga ƙofa zuwa tabarma. Ba ta karɓi kwalbar ba. Ta ce hannu yana kuskure, nata ma ya tsufa, kuma tun bara take jin abin bai yi mata kama da mutum ba, nauyin baki ne ya hana ta faɗi.

"Turai, ki je su cire. Ni na ce ciki ne, ni kuma na janye."

"Ba ki isa ba, Iya. Shekara uku ina gaishe shi kullum da safe, yau ki ce kin janye? In ba ciki ba ne, to zaman me na yi?"

Turai ta miƙa hannu da kanta ta ɗauko tukunyar jiƙon, ta cika kwalbar, ta ɗaure bakinta da leda. Sau biyu ta yunƙura kafin ta iya miƙewa.