Waƙar Fadar da Ba Ta da Amshi

Ana idar da sallar asuba muka bar unguwarmu Hayyin Ashir, ni da abokin ɗakina, don mun ji tikitin kyauta sai wanda ya yi sammako. Wata Bafaranshiya ce za ta rera waƙoƙin fadar sarakunansu na shekaru ɗari huɗu da suka wuce. Ni dai raina ba a kwance yake ba. Babanmu makaɗin fada ne a Damagaram, muryarsa ta dushe, yayana kuma ya aiko cewa in ba zan gaji kotso ba, za a miƙa shi wani gida. Har ranar ban yanke shawara ba.

Direban ƙaramar bas ɗinmu gudu yake kamar an biyo shi, yana ta "yalla, yalla". A tsaye muka ci ful da ta'amiyya, wato dafaffen wake da ƙosan Larabawa, a bakin tashar jirgin metro. Burodin ya ƙanƙance, kuɗinsa ne kawai ya girma. Bayan mun karɓi tikiti muka yi ta gararamba a bakin Nilu har la'asar, wayata na aljihu ina tsoron ta yi ƙara.

Da na ji "waƙar fada" na zaci zan tarar da ganguna da maroƙa. Da muka shiga ɗakin taron, ashe mace ɗaya ce da mai kaɗa wani abu mai kama da udi, garayar Larabawa. Ko sunan sarki ba a ambata ba. Mu 'yan Nijar muna jin Faransanci, to kukan soyayya ne, murya ƙasa-ƙasa, a maimaita karin ana ƙara masa ado.

A gidanmu abin kunya ne a bar mai waƙa shi kaɗai. Da ta dawo kan layin da take maimaitawa, ban san lokacin da na amsa mata ba. Duk ɗakin ya waiwayo. Abokina ya take min ƙafa yana ba mutane haƙuri da "ma'alish", na ji kamar in nutse.

A hanyar komowa ya yi ta tsokanata, ni kuwa tunanina ɗaya: ashe ba sai da ƙarfin murya ake waƙar fada ba, kuma bakina ya riga ni yanke shawara.

Muna isa ɗaki na kira gida, na ce a kai wa Baba wayar. Na ja masa waƙarsa a hankali. Can sai na ji shi da dusasshiyar murya yana yi min amshi.

Da yayana ya karɓi wayar na ce, "Yaya, kada a fitar da kotson nan."