Kwana Talatin Babu Ɗaya

Shekara talatin da biyu na yi a Makka kafin ƙanwata ta zo ta gan ni. Mu biyu muka rage a ɗakinmu, ni ce babba, ita ce auta, kuma Auta nake ce mata har yau da furfura ta gama cinye mata kai. Ni aikin hajji na zo da mijina muka ƙi komawa. Ya rasu ya bar ni a ɗaki ɗaya a kan dutsen Tandabawi, ina tuƙa tuwo ina saukar da shi unguwar Misfala wajen alhazai. Ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama, ban taɓa samu ba, in na bar ƙasar nan to na bar ta ke nan. Ita kuwa ɗanta ne ya ɗauke ta ya kai ta Amurka renon jikoki, ta zauna har suka ba ta fasfonsu. Daga baya hawan jini ya shanye mata ɓarin hagu, ga ciwon suga a kai.

Sun zo umara shekarar da ta biyo bayan wani zaɓensu da aka yi ta surutu a kansa har a layin cika ruwa. Na same su a masauki a Misfala. Ta gan ni ta fashe da kuka, ni kuwa ban iya kuka a gaban mutane ba, sai na tsaya ina dubanta. Tana kan kujerar guragu, ƙafafunta sun kumbura, a cinyarta akwai wani ɗan akwatin roba mai gida bakwai cike da ƙwayoyi. Ɗanta ya buɗe firij ya jera allurai. Ban san alif ba, amma na san yadda ake jera abin da rai ya rataya a kansa.

Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Inna, kwana ashirin da tara za mu yi."

Na ce, "Ɗayan fa, wa ya ci? Ko wata ma ai yakan cika talatin."

Sai ya gyara zama. Direban tasi ne a can, kuma da ganin yadda yake magana na san fasinjojinsa suna shan wahala. Ya ce a kowane wata gwamnatin can tana sa wa uwarsa kuɗi a kati saboda nakasarta, ita ke biyan likita da magani, ita ke turo wata mata kullum da safe ta yi mata wanka. Amma in ta kwana talatin a jere a wajen ƙasar, sai a tsayar da kuɗin, sauran ma su fara rawa.

Na ce, "Wato igiya suka sa mata, suka auna tsawonta."

Ya ce, "Haƙƙi ne, Inna. Doka ce ta ba ta."

Daga nan ya shiga siyasa, bai fito ba sai da aka kira La'asar. Abin da na iya tsinta shi ne jam'iyya biyu ke kokawa a kan mulki. Ɗaya ba ta buɗe baki sai da sunan Allah, littafinsu kullum a hammata, kuma ita ce ke son a rage kuɗin guragu da makafi, wai ciyar da gajiyayye aikin coci ne da maƙwabta, gwamnati ba uwar kowa ba ce. Ɗayar tana ba da kuɗin, amma ta yarda da wasu abubuwa da ya ce ba zai iya faɗa a gaban iyayensa ba.

Na ce, "To kai wa ka zaɓa?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce limaminsu ya ce kaza, na masallacin gaba ya ce kaza, shi kuma ranar ya tashi da jigilar filin jirgi. Mutum ya yi awa biyu yana cika mini kunne, ashe ko layin bai je ba.

Auta ta ce, "Ni na je. Tura ni aka yi."

"Ke wa kika zaɓa?"

"Allurata na zaɓa, Yaya."

Ya nuna mini hoto a wayarsa. Wani ɗan majalisarsu ne ya zo masallacinsu ranar Juma'a ana gab da zaɓe, ya cire takalmi, ya yi sallama a karkace, ya tsaya a bayan kujerar Auta yana washe haƙora. Na karɓi wayar na kai ta kusa da idona. Na tura mijina shekara biyu a irin wannan kujera, na san riƙonta. Mutumin nan da yatsa biyu ya riƙe ta, kamar mai ɗaga murfin tukunya mai zafi. Na ce wannan bai taɓa tura ko uwarsa ba. Ɗan ya yi dariya ya ce ai bayan 'yan watanni shi ne a gaba wajen ɗaga hannu a rage kuɗin, kuma sai da suka buɗe zaman da addu'a.

Nan Auta ta karɓe zancen. Wasu matan coci na unguwarsu, masu kawo mata miya duk Laraba, su suka sa ta a mota suka kai ta ofishin mutumin. Ta tarar da masu kujeru sun cika baranda. Aka ba ta kwali mai rubutu ta riƙe da hannunta mai rai, ba ta san me aka rubuta ba, ta dai san nata ne. Wata fasto ta yi addu'arta, wani Bayahude mai 'yar hula ya yi tasa, ita ma ta ɗaga murya ta karanta Fatiha. 'Yan sanda suka zo suka tsaya suna shawarar ta ina ake kama kujera.

"Yaya, a can gurgu ma yana da baki."

Na ce, "Nan kuwa mai ƙafa biyu ma in ya hango su lungu yake nema."

A sati na biyu ta ce sai ta ga ɗakina. Daga titi zuwa ƙofata matakala saba'in ne da 'yan kai, an sassaƙa su a jikin dutse, wasu an lafta musu siminti, wasu an bar su yadda Allah ya yi su. Na kira maƙwabcina na ƙasa, wani malami daga Zariya da ke karatun hadisi a jami'a, shi da ɗan Auta suka ɗauke ta da kujerar. A tsakiyar hanya ɗan ya tsaya yana haki kamar rago a rana.

"Inna, a can laifi ne wannan. Dole mai gida ya yi hanyar kujera. Da ƙara zan kai."

Na ce, "Ga dutsen nan, kai shi. Ka ce in ji ni ya zo da lauyansa."

Da suka ajiye ta, ta leƙa ta taga. Daga ɗakina ana hango hasumiyoyin Harami, in ka kau da kai daga otal-otal da suka tsaya a gaba. Ta daɗe tana kallo. Sai ta tambayi malamin me aka ce game da wanda ya mutu a garin nan. Shi kuwa kamar jira yake. Ya jero falala, ya kawo sallar gawa a Harami da dubban mutane, ya gangaro kan tawakkali, ya ce mumini ba ya rataya zuciyarsa a kan katin wata gwamnati. Ina tsaye ina kwashe tuwo ina jin sa. Shi yana da iƙama, jami'a tana ba shi kuɗin wata, yana da katin asibiti, kuma ranar da haƙorin matarsa ya motsa ko takalmi bai tsaya ɗaurawa ba. Na dube shi na tuna mutumin hoton. Na lura masu koya wa gajiyayye dogaro ga Allah yawanci da wani abu a aljihunsu.

Ranar kwana na ashirin, ɗan ya tafi tashar Kudai neman motar da za ta kai su Jidda, ya bar mu mu biyu a masauki. Ta jawo hannuna.

"Yaya, ba zan koma ba."

Ta riga ta tsara komai. Ana gobe tafiya za ta ce a hau da ita ta yi mini sallama. In an ajiye ta a ɗakina sai ta ce ba ta sauka. Ɗanta shi kaɗai ba zai iya sauko da ita ba, malam kuwa ba zai sa hannu a raba ta da falala ba. Jirgi ya tashi, kwana talatin ya cika, igiya ta tsinke. Ta ce ta gaji da dusar ƙanƙara, ta gaji da jikokin da ba sa jin Hausa, tana so ta ƙarasa kusa da ni, a sallace ta a Harami.

Ba zan yi ƙarya ba, kafin ta rufe baki na riga na matsar da buhun shinkafa a zuciyata na shimfiɗa mata katifa a wurin. Shekara goma sha ɗaya ina cin abinci ni kaɗai. Na ce mata bari in gani.

Na kuwa gani. Na ɗauki kwalin allurarta da ya ƙare na kai kantin magani na tambaya. Abin da mutumin ya faɗa mini, tuwon sati biyu ne lokacin da garin yake cike, kuma garin ba kullum yake cike ba. Ƙwayoyin gida bakwai ban ma tambaya ba. Na dawo ina hawan matakala ina tuna wata maƙwabciyata 'yar Damagaram, mai irin ciwon. Ƙusa ce ta soke ta a yatsa. Ba ta da takarda, tana tsoron in ta je asibiti daga gado sai jirgi. Ni na riƙa wanke ƙafar da ruwan gishiri wata huɗu, har ta kai sai na ɗaura ƙyalle a hanci kafin in shiga. Ta mutu a Makka kamar yadda take roƙo. Gawarta ta yi kwanaki a firij ɗin asibiti, mazan unguwa suna tura juna, kowa yana tsoron ya je ya ce ya san ta a tambaye shi tasa takardar. Malam bai zo unguwar ba a lokacin, shi ya sa wannan ba ya cikin karatunsa.

Na tare ɗan Auta a bakin masauki na ce, "Ranar sallama kada ka hau da uwarka. Ko ta yi kuka, ko ta tsine maka. Ni zan sauko." Karo na farko da na ga bakinsa a rufe.

Ranar sallamar, da na shigo da safe, na same ta ta shirya tsaf, ta cusa wata jaka a ƙarƙashin hijabi, cikinta ya yi tulu kamar mai wata tara. Tana ganina a ƙofa ta gane.

"Yaya, ke ce?"

"Ni ce."

"Shekara talatin kina zaune ba takarda, ni za ki hana?"

"Ni in an koro ina da ƙafar gudu. Ke wa zai gudu da ke? Malamin nan?"

"Kin fi so a sa ni a akwati a ƙasar Nasara."

"Nasaran da ke yi miki wanka, suna kawo miki miya? Ki koma ki ci kuɗinki. Kin riƙe wa ɗan majalisar nan kwali, kin yi masa zaman dirshan, yanzu ki bar wa mai yatsa biyu? Ai daɗi zai ji, an rage masa mutum ɗaya bai ko ɗaga hannu ba. Na wanke ruɓaɓɓiyar ƙafa sau ɗaya, Auta. Ba zan wanke taki ba."

Ni na tura ta ɗawafin ban kwana a bene, inda zagaye ɗaya ya kai uku na ƙasa, na hana ɗan ya taɓa kujerar. Gwiwoyina suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Zagaye shida tana addu'a a ranta, ba ta waiwayo ba. A na bakwai ta ce, "Kina karkata hagu." Na gyara. Abin da ta sallame ni da shi ke nan.

Ta sauka a can da kwana ɗaya a hannu, ba a taɓa mata komai ba. Wata biyu ba ta neme ni ba. Sai wata Juma'a bayan La'asar wayata ta yi ƙara, na ɗauka, ta ce, "Ban yafe ba." Na ce na ji. Sai ta yi rabin awa tana ba ni labarin sabuwar mai wanka da ba ta iya cuɗa baya ba. Tun daga nan duk Juma'a haka take farawa, ni kuma in na ji ƙarfin muryar sai in san sugan yana nan daidai.

Da zaɓe ya sake zagayowa mutumin nan ya koma masallacinsu da mai hotonsa. Ta sa aka gaya masa ba hoto sai ya tura ta zuwa ƙofa. Ya kama da hannu biyu, ya kai ta ya buga da akwatin takalma.

Kwanan baya ta ce tana shirin wani ashirin da tara ɗin. Ta tambaye ni ko matakalan suna nan, don ta ji ana rushe unguwar. Na ce suna nan, saba'in da 'yan kai. Jira take in ce a hau da ita. Na ce ta faɗa mini sunan masaukin, zan sauko.