Abin Da Na Kasa Faɗa Wa Inna A Asibiti

Ina tsaye a barandar wani babban asibiti a Zariya, ni kaɗai, likita yana ta yi mini bayani. Ya ce ciwon daji ne ya kama ƙwan mahaifar Inna, kuma ya riga ya bazu. Za su sa mata 'yar roba a ciki su riƙa zuba magani ta nan. Ya ce maganin na da wahala sosai, ba kuma warkewa ba ce, amma wasu kan samu ƙarin kwana in sun daure. Ya ce in shiga in fahimtar da ita.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ce. Na daɗe da barin makaranta, ba ni da aiki sai bin motocin kamfen daga Ƙofar 'Yandaka a garinmu Katsina zuwa duk inda suka nufa. Babanmu ya rasu, ƙanwata tana aure a Maraɗi. Ni ne kuma ɗan fari. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ko ido ba mu haɗawa. To ta yaya zan buɗe baki in ambaci mahaifarta a gabanta? Na shiga, na durƙusa ina kallon ƙasa, na ce ruwa ne ya taru a cikinta, za su wanke.

Da aka zuba na farko ta sha azaba, amai har ba ta iya zama. Ta juya ga bango ta ce in dai ruwa ne kawai, a mai da ita Katsina ta sha saiwa. Na fita na nemo mota. Damina ba ta ƙare ba muka binne ta.

Ban san ko maganin zai ƙara mata kwana ba, wannan sanin Allah ne. Abin da ke cina shi ne na hana ta zaɓa da kanta. 'Yan'uwa, in kunya ta ɗaure muku baki gaban mara lafiya, ku nemo wanda zai faɗa.

Bayan sadakar arba'in na ɗauki muryata a kaset na ba wani direban Maraɗi ya kai wa ƙanwata. Na ce mata dajin ƙwan mahaifa ne ya kashe Inna, likita ya ce yakan bi jini, don Allah ta je a duba ta ko da ba ta jin komai.