Baba Sannu-Sannu da Ƙwayar Gilashin Auta

Kullum kafin kowa ya iso ma'aikatarmu, Baba Sannu-Sannu ya riga ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, ya sa farar riga da hula, ya shige ɗakinsa mai sanyi marar taga. Aikinsa sassaƙa gilashi da hasken leza, wani siririn haske mai ƙarfi da inji ke fitarwa. Hasken yakan ratsa gilashin ya yi zane a can ciki, a jiƙa shi a ruwan asid, inda hasken ya bi ya narke, sai ga 'yar ƙwayar gilashi da ba ta kai tsabar yashi ba. Irinta ake maƙalawa a bakin siririn bututun da likitoci ke leƙa cikin mutum da shi.

Ni direban ma'aikatar ne, karatuna bai yi nisa ba. Abin da na sani, idan injinsa na aiki ba ya son ƙasa ta motsa, don ko taku mai ƙarfi yakan karkatar da zanen. Nan sunan ya samo asali. Yana jin ƙarar mota sai ya leƙo.

"Direba, kashe jakin nan naka!"

"Baba, ai a waje yake."

"Gilashina na jin kukansa. Turo shi da hannu, ko tumbin nan ya ragu."

Haka nake turo mota cikin haraba ana yi mini dariya.

Bara 'yata Auta ta kamu da tarin da ya ƙi jin magani. Likita ya ce akwai abu a can cikin huhunta, amma hanyar ta yi ƙanƙanta, bututunsu ba zai shiga ba. Asibitin ya nemi ma'aikatarmu ta yi ƙwayar da ta fi duk na baya ƙanƙanta, aikin kuwa ya faɗo a hannun Baba.

Gilashin farko ya fashe wajen ɗora shi a inji. Na biyu ma haka. Ni ina bakin titi ina tare masu babur, ina roƙonsu don Allah su kashe inji su tura. Sai ga Baba ya fito.

"Ɗana, bar mutane su wuce. Ba babur ba ne, hannuna ne."

Ya miƙo mini yatsunsa, suna rawa. Abokan aikinsa sun shaida abin da ya biyo baya: ya koma ciki, ya ɗaure wuyan hannunsa da ƙyalle a jikin tebur, ya wuni a haka bai ci bai sha ba. Da ya kwance, ƙyallen ya bar masa shaida a fata, ƙwayar kuma ta fito lafiya.

Da ita likita ya ga ƙarin da ke hana Auta numfashi, aka fara magani. Washegari Baba ya shaida wa shugabanmu cewa ƙarshen shekarar nan da muke ciki zai ajiye aiki, wai ba a caca da 'ya'yan mutane.

Baba, kai ne ka ba likita ido. Kai ne ka riƙa tare ni kowace safiya da "Yaya 'yar tawa ta kwana?" alhali Auta ba ta taɓa ganin fuskarka ba. Gwanin gilashi, ni da mahaifiyarta ba mu da abin ba ka sai addu'a. Allah Ya saka maka, Ya sanyaya maka hannun nan.

Auta na nan, ta rame, dariyarta takan ƙare da tari. Likita ya ce sai an sake leƙawa, ƙwayar kuma ba ta jure dogon aiki, dole a sake yin wata. Matasan da aka kawo su koya sun gudu, wai shirun ɗakin ya yi musu yawa. Ku masu tsayayyen hannu, ku zo ku zauna kusa da dattijon nan kafin ya tafi, ku ɗauki haƙurinsa tare da sana'arsa. Uba ne ke roƙonku. Auta za ta koma asibiti, kuma ba ita kaɗai ce a kan bencin jira ba.